Gaba Ne Ke Rawa

Da aka mayar da ɗakin wankin asibiti sabon gini, can bayan gadar jirgin ƙasa, kowa ya samo dabarar zuwa aiki ban da Mama. Motar haya ba ta tsallake gadar. A bakinta take tsayawa ta juya, kamar akuya ta ga ruwa. Daga nan kuwa akwai sauran tafiya, hanya ce da aka fara zuba wa kwalta aka fasa, duk ramuka da tsakuwa. Matasan ma'aikata sukan taka da ƙafa suna hira. Mama ta gwada takawa, ta isa gwiwoyinta sun kumbura, ranar a zaune ta yi guga.

Guga ne aikinta, tun kafin a haifi rabin waɗanda ke ba ta umarni yanzu. Kowa Mama yake ce mata, har likitoci, har waɗanda suka girme ta. Mace ce babba, ba ta tsawo ba, ta faɗi da cika. Idan ta shimfiɗa zanen gado a tebur ta ɗora masa dutsen guga, sai ya kwanta luf kamar an yi masa faɗa. Takan ce ko da ido rufe tana gane zanen ɗakin yara, wai ya fi sauran saurin yarda.

Tana da ɗaki ɗaya a saman bene, ita kaɗai. Tagarsa na kallon rufin maƙwabta, inda tantabaru ke taro kowace safiya ba su taɓa cimma matsaya ba. A bakin tagar akwai gwangwanayen shuka, a kan kujera akwai rediyo. Aikin guga ne ke riƙe da ɗakin nan. Idan aikin ya tafi, ɗakin ya bi shi.

'Yarta Auta ba ta ga abin damuwa ba.

"Ki ajiye aikin nan haka, Mama. Ki dawo wurinmu. Ga ɗaki nan bayan falo."

"Wanda kuke ajiye tayoyi?"

"Ai kwashe su za a yi."

"A bar tayoyi su huta. Ba su yi wa kowa laifi ba."

Ba ɗakin ne ta ƙi ba. Mijin Auta mai gyaran keke ne, siriri, marar magana, mutumin kirki wanda tun da ya auri 'yarta bai taɓa kallon fuskarta sosai ba. Da za a ba shi takarda a ce ya zana surukarsa, takalma biyu zai zana. Ita ma idan yana wuri sai ta rasa inda za ta ajiye hannayenta. Ta auna zama gida ɗaya da shi, ya fito ta koma, ta fito ya koma, su yi ta gaisawa da bango har ƙarshen rayuwa.

Shi ne kuwa ya yi magana ranar, daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

"Akwai keke," ya ce.

Auta ta harare shi. Mama ta ce, "Ban taɓa hawa ba."

"Ana koyo, Mama."

Keken da ya kawo daga gawar kekuna uku ya haɗa shi. Gangar jikin ta keken wani mai raba wasiƙu ce, ƙafafun na wani mai tallan burodi, sirdi da kan keken kuma na wani saurayi mai tsere ne da ya yi aure ya daina. Sirdin siriri ne kamar harshen kare, kan keken ya sunkuya ƙasa kamar yana neman abin da ya faɗi. Akwai ƙararrawa wadda ba ta jiran a taɓa ta. Da ta ji rami sai ta yi ƙara da kanta.

A filin makaranta ta koya, ranakun hutu, Auta na riƙe da sirdi a baya tana gudu tana ba da shawarar a haƙura. Mama ta sa aka sauke sirdin ƙasa sosai don ƙafafunta su riƙa taɓa ƙasa. Ta faɗi a kan ciyawa, ta faɗi a kan yashi, ta taɓa shiga cikin ragar gola har ƙugu. Wata safiya ta waiwaya za ta ce wa Auta ta riƙe da kyau, sai ta hango ta can nesa, hannu a ƙugu. Ashe tuni ita kaɗai take tafiya. Iska ta shiga cikin hannun rigarta ta cika shi. Mama ta zagaya filin tana dariya, dariyar da ita kanta ta manta tana da irinta.

Amma filin makaranta shimfiɗaɗɗe ne. Hanyar bayan gada ba ta san wannan ladabi ba.

Ramin farko, ƙararrawa ta yi ƙara, ƙirjin Mama ya tashi sama ya dawo da nauyinsa duka. Ta ji zafin har cikin haƙarƙarinta. Rami na biyu, igiyoyin rigar mamanta suka nutse a kafaɗa kamar zaren yanka sabulu. Na uku, ƙarfen da ke ƙarƙashin rigar ya huda yadi ya soke ta. Ga ta a sunkuye saboda kan keken, nauyin duk ya rataya gaba, gwiwoyinta na bugun cikinta duk juyin feda, tafin hannunta ya mutu, sirdin kuwa ba a magana. Kafin tsakiyar hanya ta sauka. Ta tura keken da hannu, ta isa an riga an kunna injuna.

Ba ta gaya wa Auta ba. Ta san amsar da ke jiran ta: ai na faɗa miki, jikin nan ba na keke ba ne. Daga nan sai a fara kwashe tayoyi.

Ta kai keken shagon surukinta. Shagon rumfa ce jingine da doguwar katangar wani sito, an rataye tayoyi a jikin ƙusoshi, ga kwano da ruwan gwada faci wanda ya yi baƙi. Ya miƙe da sauri ya goge hannu a wando, ya gaishe da takalmanta.

"Lafiya, Mama? Ina ne ke ba da wahala?"

Ta buɗe baki. Kalmar na nan a kan harshenta, kalma ce da take faɗa wa mai kanti ba tare da tunani ba. A gaban mijin 'yarta kalmar ta ƙi fitowa. Ta nemi wadda ta fi kusa da ita, mai mayafi.

"Gaba ne," ta ce. "Gaba ke rawa. Musamman a rami."

Gaba kalma ce mai faɗin zaure. Mutum na da gaba, gida na da gaba, keke ma na da shi. Mai gyara ya ɗauki wanda ya sani.

"To, to. Ƙafar gaba ce. Mai burodin nan ya wahalar da ita."

Ya kifa keken, ya juya ƙafar yana kallonta da ido ɗaya, ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana kaɗa su da farce yana saurare, kamar mai gyaran garaya. Ya daɗe. Mama na zaune a benci tana kallon tururuwa na jan fiffiken fara. Da ya gama, ƙafar tana juyawa sumul ba ko karkata.

Ba a jima ba ta dawo.

"Har yanzu, Mama?"

"Har yanzu gaba."

Ya kwance wuyan keken, ya zubo 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki a kan tsumma, ya wanke su da kananzir, ya sa sababbi, ya cika da giris. Zuwa na gaba ya sauya ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ɗungurum. Ya hau keken da kansa ya bi ta ramukan layin, ya dawo fuskarsa a rikice.

"Ni ban ji ba, Mama."

"Ai kai ba za ka ji ba," ta ce.

Maganar ta shige shi. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗauka tana nufin hannunsa bai kai ba. Mai walda na maƙwabta ya leƙo yana dariya: "Kai, keken nan dai ya fi ƙarfinka. Ko a kai shi asibiti ne, tunda hanyarsa ce?" Mama ta tura kekenta gida tana jin nauyin abin da ta jawo wa bawan Allah.

Ita ma ba zama ta yi ba. Ta gwada sa rigar mama biyu, ɗaya kan ɗaya, igiya huɗu suka yanke ta maimakon biyu. Ta gwada naɗe ƙirjinta da tsohon zane ta ɗaure tam. Rawar ta ragu, amma a kan gada numfashi ya gagare ta, ta sauka ta riƙe ƙarfe tana ganin taurari da rana tsaka.

A ɗakin sauya kaya abokiyar aikinta ta ga kafaɗun. Tsinke ake ce mata, don idan ta juya gefe sai an neme ta. Ita ce mai ninke kaya, bakinta kuma ba ya ninkuwa.

"Innalillahi! Mama, wa ya zane ki?"

"Keke."

"Keke ne ke hawa kafaɗa yanzu?"

Mama ta gaya mata komai. Tsinke ta yi dariya har ta zauna a cikin kwandon tawul, sannan ta share hawaye ta ce su je kasuwa. Suka bi layin masu kayan mata daga farko har ƙarshe. Duk inda suka tsaya sai a dubi Mama, a dubi kaya, a girgiza kai. Wata ta fito da mai leshi da 'yar fulawa a tsakiya, igiyarta ba ta fi ta takalmi ba.

"Wannan ai ta amare ce," in ji Tsinke. "Mu ta aiki muke nema. Mai ɗaukar kaya."

"Iyakarmu ke nan, uwar ɗakina," in ji mai kayan.

A hanyar dawowa Tsinke ta yanke hukunci. "Tunda ba a gyara ki, a gyara keken. A sa masa wani abu mai laushi. Mu je wurin surukin naki, ni ba surukina ba ne."

"Ki rufa min asiri."

"Ni da bakina? Ki bar min."

A shagon ta tsaya ta riƙe ƙugu, Mama na bayanta ta ba su baya tana nazarin wata taya.

"Kai mai gyara, ka bar wahalar da ƙarfe. Matsalar ba ta keke ba ce. Rigar mama ce."

Mama ta rufe ido. Sai ta ji ya tafa hannu.

"Rigar Mama! Kai, ni ma da wauta. Ai doguwa ce. Iska na kaɗa ta tana shiga cikin waya tana fizgar keken. Shi ya sa ni ban ji ba, da wando nake hawa!"

Tsinke ta buɗe baki, Mama ta take mata ƙafa. Suna tsaye ya yanko raga ya lulluɓe saman ƙafar baya da ita, ya sa wa sarƙa murfi na gwangwani, ya lanƙwashe bakinsa don kada ya kama yadi. Aiki mai kyau, ba laifi. Fuskarsa ta washe irin yadda Mama ba ta taɓa gani ba. A hanya Tsinke ta ce, "Wannan surukin naki, a kwalba aka raine shi?"

Washegari shugabar ɗakin wanki ta kira Mama gefe. Yarinya ce mai kunya, tana magana tana gyara abin wuyanta.

"Mama, kin san ba na so. Amma zanen ɗakin tiyata ba ya jira. An yi min magana daga sama. Idan sabon mako ya shiga ba ki fara isowa da wuri ba, za su kawo wata."

"Na ji, 'yata. Ba laifinki ba ne."

Da yamma ta sake tura keken shagon. Niyyarta ta mayar masa da kayansa ta yi godiya, ta ce a fara share ɗakin bayan falo. Ya ganta tana turawa maimakon hawa, washewar jiya ta gudu daga fuskarsa.

"Bai daina ba?"

"Bai daina ba. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya yi albarka. Ni dai..."

"Mama, don Allah." Bai taɓa katse ta ba sai ranar. "Ban taɓa ganin keken yana tafiya da ke ba. Ki hau ki bi nan gefen katanga, ta kan ramukan nan. Sau ɗaya kawai."

Ta riƙe keken ba ta hau ba. Ya gane abin da ya tsayar da ita, sai ya juya mata baya ya fuskanci katangar sito. Rana ta yi ƙasa, tana bugun katangar kai tsaye, duk abin da ya gifta sai inuwarsa ta hau farin bangon, baƙa ƙirin, da girmanta daidai.

"Ni bango zan kalla," ya ce.

Ta hau. Ta bi gefen katangar, ita ma idonta ya kai kan bangon. Ta ga wata babbar mace baƙa a kan siraran ƙafafu biyu, a dunƙule kamar mai neman allura, gwiwa na hawa har ciki. Ƙararrawa ta yi ƙara a ramin farko. Inuwar ƙafar gaba ta shiga ramin ta fito, miƙe kamar an ja layi. Abin da ya yi rawa yana can sama.

Sifanar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya ɗauka, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaukar sifana ke bukata. Mama ta taka birki ta sauke ƙafa. Wani mai kura ya wuce, inuwarsa ta bi ta kan bangon ta fita.

"Ƙafar gaba lafiyarta lau," ya ce wa katanga.

"Haka na gani," Mama ta ce wa ƙararrawa.

Ya shiga rumfa. Ta ɗauka ya gudu ke nan, sai ga shi da guntun alli da ƙarfen da ake ɗora keke a kai ya tsaya da kansa. Ya kafa keken kusa da bangon ba tare da ya ɗaga ido ba, ya koma ya fuskanci katanga.

"Da inuwar nan za ta sake hawa, da na duba wani abu."

Mama ta dubi ƙeyarsa. Ta hau.

Ya bi bayan inuwar da alli, daga ƙugu zuwa wuya, layin ya fito a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya bi hannu, ya bi cinya.

"Inuwar ta sunkuya da yawa. Duk nauyinta ya zubo gaba. Kan keken nan na mai tsere ne, ba nata ba."

Mama ta yi gyaran murya. "Inuwar ta ce tafin hannunta mutuwa yake yi."

"Dole. A kan hannu take zaune. Inuwa ta ɗora diddige a feda, ta tura shi ƙasa." Ta tura. Ya yi alama a gwiwa. "Kin ga, ƙafar ba ta miƙe ba ko kusa. Sirdin ya yi ƙasa, shi ya sa gwiwa ke hawa tana... tana isa inda ba a aike ta ba."

"Inuwar na tsoron kada ƙafarta ta kasa taɓa ƙasa."

"Idan za ta tsaya, ta zamo gaba ta sauka daga sirdi. Za ta saba. Kaɗan zan ɗaga yau, kaɗan wani mako."

"Ta kuma ce," Mama ta ji bakinta ya saki, "sirdin nan wuƙa ne. Wanda ya ƙera shi bai da uwa."

Kafaɗunsa suka motsa. Dariya ce yake haɗiyewa. "A gaya mata akwai wani mai faɗi, na keken wata malamar asibiti. Ba mai laushi can ba, mai laushi yaudara ne, nutsewa ake yi. Wannan ƙashin zama yake tarba."

Ta sauka ta koma benci, ya kama aiki. Ya cire kan mai tsere ya jefa cikin tarkace, ya sa wani mai tsawo wanda hannayensa suka lanƙwaso baya kamar ƙahon saniya. Ya ɗora faffaɗan sirdin, ya daidaita shi kwance, ba ɗaga hanci ba sunkuyawa. Ya sauya tayoyin da masu kauri, ya rage musu iska kaɗan don su riƙa shanye rami. Da ta sake hawa, inuwar ta zauna a miƙe kamar mace a kujerar gidanta, ta fita daga cikin tsohon zanen allin gaba ɗaya. Ya zana sabon layi a kan tsohon.

Sannan ya tsaya yana juya allin a hannu.

"Nawa gyaran ke nan. Akwai saura, amma ba a shagona yake ba." Ya sa allin a aljihu. "Bayan filin wasa akwai shagon wata mata mai kayan motsa jiki. Matan da ke kawo min kekuna, manya da ƙanana, can nake jin suna tura junansu." Ya ƙara da sauri, "Ni ban san me take sayarwa ba."

"Ai ba za ka sani ba," in ji Mama. Wannan karon maganar ba ta yi masa ciwo ba.

Mai shagon bayan filin wasa mace ce da ta kusa kai Mama cika, da igiyar awo rataye a wuya da murya kamar ta mai kiran fasinja.

"Wa ya turo ki, Yaya?"

"Wani mai gyaran keke."

"Siririn nan mai gaisawa da ƙasa? Shigo ciki. Ɗaga hannu."

Ta ja labule, ta zagaya igiyar a ƙarƙashin ƙirji, ta sake zagayawa a sama. Ta ga tabon kafaɗun ta yi tsaki.

"Shekara da shekaru kina rataye kaya a igiya. Ba kafaɗa ke ɗauka ba, Yaya, ɗamarar ƙasa ke ɗauka. Kafaɗa rakiya take yi." Ta jawo wata daga can ƙasan tari. Ba leshi, ba fulawa. Ɗamararta ta kai faɗin tafin hannu, maɗaurin kafaɗa kamar na jakar tafiya, ƙugiyoyi jere a baya. "Akwai mai matse su wuri ɗaya kamar an ɗaure buhu, wannan ta irin su 'yan mata ce. Ke taki kowa da ɗakinsa, sannan a rufe gida. Sa."

Mama ta sa. Matar ta ɗaure ƙugiyoyin, ta cusa yatsa biyu ƙarƙashin ɗamarar ta ja.

"Ja numfashi. Har ƙasa. Ya shiga?"

"Ya shiga."

"To yi tsalle."

"Ni? Rabona da tsalle tun ba a haifi Auta ba."

"Ban san Auta ba. Yi tsalle."

Mama ta dubi labule, ta dubi rufi, ta yi tsalle. Katakon ƙasa ya amsa. Maratayan kaya suka kaɗa, madubi ya girgiza, wata ƙwallo ta gangaro daga kan teburin kaya ta fita waje. Komai na shagon ya motsa, ban da abin da aka zo dominsa.

Ta sake yin wani, ba wanda ya sa ta.

"Ya isa, kada ki rushe min shago," in ji matar. "Ki wanke ta da hannu, ki shanya a inuwa. Kada ki kuskura ki sa mata dutsen guga."

"Ni kuwa guga ce sana'ata."

"To wannan ta fi ƙarfin sana'arki."

Ranar da sabon mako ya shiga, Mama ta tsallake gada tantabaru ba su gama taronsu ba. Ƙararrawa ta yi ta ƙara a kowane rami, ita kaɗai take kuka, ba mai taya ta. A zaune a miƙe, Mama ta ga abubuwan da ba ta taɓa gani ba a hanyar, don da tsakuwa kawai take kallo: wata bishiya da ta tsiro ta cikin tsohuwar mota, da wani gida mai ƙofa a sama ba matakala. Cinyoyinta sun yi zafi a hawan ƙarshe, ta yi haki, amma hakin aiki ne. Ta jingine keken a bayan ɗakin wanki ba a kunna injuna ba. Shugabar ta iso ta tarar da ita tana jiran dutse ya yi zafi, ta dube ta, ta gyara abin wuyanta, ta wuce tana murmushi.

Tsinke ta shigo ta zagaya ta tana kallo sama da ƙasa.

"Mama, yau kin fito kamar soja. Wa ya ɗaure rawar?"

"Ninke kayanki."

Da aka tashi ta biya ta gidan Auta, a kan keke, har bakin ƙofa. Auta ta fito da ludayi a hannu ta tsaya kallo. Mijinta na tsugune a tsakar gida yana wanke giris daga hannunsa.

"Har can kika je da shi? Ba ki sauka ba?"

"Sai da na isa."

Auta ta juya kan mijinta. "To wai me ke damun keken nan tun farko? Kullum kana kwance shi kana ɗaurewa, ka hana mu sakat."

Mama ta riƙe kan keken da kyau. Ya ci gaba da murza sabulu, idonsa a cikin bokiti.

"Rigar Mama ce," ya ce. "An gyara."

"Ka ga," in ji Auta, ta nuna ragar ƙafar baya da ludayi. "Ɗan abu kaɗan. Da ka duba tun farko." Ta dubi uwarta, ta ɗan daɗe tana dubanta daga kafaɗa zuwa ƙugu, kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "Ki shigo ki sha ruwa mana."

"Shukata na jira. Gobe da aiki."

Ta juya keken, ta zamo gaba, ta taka feda ta hau sirdi kamar yadda aka gaya wa inuwa. Ta bi ta gaban shagon. Zanen allin na nan a katangar sito, mace biyu a kan keke ɗaya, ɗaya a dunƙule ɗaya a miƙe, mai walda na tsaye gabansa yana sosa kai. Ta wuce ba ta tsaya ba.

Tayoyi suka ci gaba da zama a ɗakin bayan falo.